Ruwan taransifoma a takarda yake ɓoye: yadda ake auna shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin lantarki a wata masana'anta a kudancin Jidda. Muna da taransifoma mai 33/13.8 kV, MVA 20, shekararta 22 tana aiki, irin mai tankin sama da kwalbar silika da ke busar da iskar da take shaƙa. Bara an tace manta har ruwa ya sauka zuwa ppm 6. A Janairu ɗakin gwaji ya ba mu ppm 14, a Agusta kuma ppm 31. Littafin aiki ya nuna zafin mai digiri 35 ranar ɗiba ta farko, 65 ranar ta biyu. Ruwa ne yake shiga? Mu sake tacewa, ko akwai awon da ya fi wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka haɗo da zafin man, don da shi ne lambobin nan biyu suke da ma'ana. Kada ku yi gaggawar kiran injin tacewa. Abin da 14 da 31 suke nunawa ba lallai sabon ruwa ba ne. Alamu sun fi karkata ga cewa ruwan da ya daɗe a ciki ne yake kai da kawowa tsakanin takarda da mai.

Abu biyu ne ke tsare wuta a cikin taransifoma, wadda abokan aikinmu Larabawa ke kira muhawwil: mai, da takarda, wato takardar da aka naɗe wayar tagulla da ita da kwalin da ke raba naɗin babbar wuta da na ƙarama. Takarda tana son ruwa, mai ba ya sonsa. Shi ya sa kusan kashi 99 cikin 100 na ruwan da ke tanki a takarda yake. A ɗauka taku tana da mai kilo 10,000 da takarda kilo 1,000. In danshin takardar kashi 3 ne, ruwa kilo 30 ke nan, jarka ɗaya da rabi. Shi kuwa man, da ppm 31, giram 310 kawai yake ɗauke da shi, domin ppm ɗaya miligiram ɗaya ne a kilo ɗaya. Da a ce daga 31 aka tace shi zuwa 6, giram 250 aka cire, kofi ɗaya daga cikin jarka da rabi. Bayan 'yan makonni takarda ta sake shayar da man, lamba ta koma inda take. Abin da ya faru da tacewar bara ke nan.

Mai yana da iyakar ruwan da zai iya narkarwa, kuma iyakar tana tashi da zafi. Sabon man taransifoma na ma'adini yana ƙoshi a kusan ppm 55 a digiri 20, kusan 120 a digiri 40, kusan 240 a digiri 60, kusan 450 a digiri 80. Idan lodi ya hau, takarda ta yi zafi, sai ta saki ruwa, mai ya karɓa. Idan ta huce, sai ta fara zuƙe abinta, amma a hankali ƙwarai. Don haka abin da ya kamata a duba shi ne kason ƙoshi: ppm ɗin da aka auna, a raba shi da iyakar ƙoshi a wannan zafin. A digiri 35 iyakar kusan 100 ce, 14 bisa 100 ya ba da kashi 14. A digiri 65 iyakar kusan 285 ce, 31 bisa 285 ya ba da kashi 11. Ka ga lambar Agusta da ta tayar muku da hankali ba ta fi ta Janairu muni ba. A rabon da aka saba bi, ƙoshi har zuwa kashi 5 bushewa ce, 6 zuwa 20 matsakaicin danshi, 21 zuwa 30 ta jiƙa, abin da ya haura 30 kuwa ta jiƙa sharkaf. Ƙa'idar IEC 60422 ta 2013 kuma, ta hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, ga taransifomar da ba ta wuce 72.5 kV ba, tana ɗaukar ƙasa da ppm 30 a matsayin mai kyau, 30 zuwa 40 a sa ido, sama da 40 a ɗauki mataki. Taku ta taka bakin matakin sa ido.

Daga nan ake ƙiyasta danshin takarda da zanen daidaito, irin wanda Fabre da Pichon suka fitar a 1960, da na Oommen na 1983. A kan irin wannan zane lambobinku suna faɗawa tsakanin kashi 2.5 da 3.5. Sabuwar taransifoma tana barin masana'anta da kusan kashi 0.5 zuwa 1. Ƙasa da 2 ana ce mata busasshiya, 2 zuwa 4 jiƙaƙƙiya, daga 4.5 zuwa sama abin ya yi tsanani.

Sai dai wannan ƙiyasi ne, kuma ina so ka riƙe shi da sassauci. Zanen ya ɗauka mai da takarda sun zauna a zafi ɗaya har sun daidaita, alhali taransifomar da ke aiki ba ta samun wannan zama: da rana mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ko'ina yana jan wuta, da tsakar dare lodi ya sauka. Ƙasa da digiri 30 daidaiton yana cin makonni, kuma zanen yana miƙewa tsaye a wajen, kuskuren ppm 3 ko 4 sai ya zama kashi guda na takarda. Sannan da sabon mai aka yi zanen. Man da ya shekara 22 ya tara asid, yana narkar da ruwa fiye da sabo, sai ƙiyasin ya nuna takarda ta fi yadda take jiƙa. Akwai kuma tambayar wane zafi aka rubuta. Littafin aiki galibi agogon man sama yake kwafa, samfurin kuwa daga famfon ƙasa aka ɗebo shi, inda man zai iya gaza na sama da digiri 10 zuwa 20. In man esta ne a ciki, wato man da ba na ma'adini ba, waɗannan lambobi duk ba sa aiki, domin esta na tsiro yana ƙoshi ne a wajen ppm 1,000 ko fiye a zafin ɗaki.

Yawancin ɓarnar awo a wurin ɗiba take faruwa, shi ya sa zan tsaya a kanta. Sirinji mai mililita 50 yana ɗaukar mai kusan giram 44. A ppm 14, duk ruwan da ke cikinsa kusan miligiram 0.6 ne kawai. Ɗigon ruwa ɗaya ya kai miligiram 50. Iskar Jidda mai digiri 30 da laima kashi 70 tana ɗauke da ruwa giram 21 a kowane mita kubik. Gumin yatsa a bakin tiyo, ko raɓar asuba a kan famfo, ya isa ya ninka sakamakon.

A ɗibi samfurin lokacin da taransifoma take kan lodi, man ya haura digiri 40, gara ma 50, kuma ta kwana biyu a wannan yanayi. A guji safiyar raɓa da ranar ƙura ko ruwan sama. A goge bakin famfo da ƙyalle marar gashi, a buɗe a zubar da aƙalla lita 2 a bokiti, fiye da haka in bututun dogo ne, domin man da ya kwanta a bututu ba shi ne ke zagaya naɗi ba, kuma nan ruwa da dauɗa suke taruwa. A lokacin da yake zuba ake tsoma ma'aunin zafi cikin man da ke gudana, wannan shi ne zafin samfur. A haɗa sirinjin gilashi mai bawul baki uku, a bar nauyin man ya tura sandar sirinji da kansa. Kada a ja da hannu, ja yana shigo da iska ta gefen sanda. A cika a zubar sau biyu don ɗauraya, na uku a riƙe, a ɗaga bakin sama a fitar da kumfa, a rufe bawul. Gorar roba ba ta da gurbi a wannan aiki, ballantana gorar ruwan sha da aka shanya a rana, domin danshi yana ratsa roba. A jikin samfur a rubuta zafin samfur, zafin man sama, zafin naɗi, lodi, ko fanka tana aiki, da sa'a. A sa shi cikin akwatinsa, kada ya kwanta gaban mota rana tana dukansa, ya isa ɗakin gwaji cikin kwanaki kaɗan.

A can da hanyar Karl Fischer ake aunawa, wadda masanin sinadarai Bajamushe mai wannan suna ya fitar a 1935: aidin yana cinye ruwan da ke samfur, na'ura ta lissafa nawa aka ci. Ƙa'idojinta IEC 60814 da ASTM D1533. Hanyar tana da inganci, amma a busasshen mai ɗakunan gwaji biyu kan saɓa da ppm da dama. Ku tsaya ga ɗaki ɗaya, ku tura sirinji biyu daga ɗiba ɗaya. In sun saɓa sosai, a sake ɗiba. Ku nemi a haɗa da ƙarfin jure wuta na man bisa IEC 60156, inda sama da kV 40 yake da kyau ga irin taku, da adadin asid, da furan, wanda ke nuna yadda takarda ta tsufa.

Mataki na gaba shi ne na'urar jin danshi da ake tsomawa cikin man, irin ta Vaisala da makamantanta. A bakinta akwai ɗan siririn fatar roba da ke shan danshi gwargwadon ƙoshin man, don haka kason ƙoshi take bayarwa kai tsaye, tsufan mai ba ya ruɗa ta. A nan akwai tarko: yawancinsu suna nuna ppm ma, amma lissafa shi suke yi da lambobin sabon mai. Ka karanta kason ƙoshi da zafi, ka bar ppm ɗin. A dasa ta inda mai ke gudana, kamar bututun da ke tsakanin tanki da radiyeta. In aka maƙala ta a ƙarshen famfon da mai ba ya motsi, zafin waje da danshin wannan lungu kawai za ta riƙa faɗa. Karatu ɗaya ba ya wadatarwa. A tara na sati biyu zuwa wata, a zana ƙoshi a kan zafi. Zai fito kamar zobe, domin hanyar fitar ruwa daga takarda daban da ta komawarsa. Busasshiyar taransifoma zobenta siriri ne a kwance ƙasa, jiƙaƙƙiya kuwa zobenta yana buɗewa ya haura idan mai ya huce.

Duk waɗannan mai suke tambaya labarin takarda. Awon da ke taɓa takardar kanta ba tare da an buɗe tanki ba shi ne DFR, wasu su ce FDS, wato gwada yadda mai da takarda ke amsa wuta a firikwansi daban-daban, kuma shi nake ba ku shawara. Na'urorin da aka fi gani su ne IDAX na Megger da DIRANA na OMICRON, jagorar aikin kuma IEEE C57.161 ce ta 2018. Tan delta ne ake aunawa, wato ɗan kason wutar da ke ɓacewa a cikin mai da takarda, amma ba a 60 Hz na layin Saudiyya kaɗai ba: ana farawa daga wajen 1,000 Hz a yi ta sauka har 0.001 Hz ko 0.0001 Hz, da ƙaramar wuta kamar bolt 200.

Sai an kashe taransifoma, an tabbatar ba wuta, an sauke cajin ta ƙasa, sannan a kwance duk abin da ke jikin bushin, wato ƙahonin da wayoyi ke shiga tanki ta cikinsu: kebul, sandunan tagulla, na'urar kare tsawa, har wayar nutural daga ƙasa. A haɗe bushin na ɓangaren 33 kV wuri ɗaya, na 13.8 kV wuri ɗaya. Wuta ta shiga ta ɓangaren 33 kV, a karanta ta na 13.8 kV, wayar gadi kuma a jikin tanki, a wurin da aka kankare fenti. Wannan haɗi yana auna shingen da ke tsakanin naɗin biyu, inda kwali ya fi yawa, gadi kuma yana kwashe wutar da ke silalewa ta bayan bushin. Duk da haka a wanke bushin a bar su su bushe, domin gishirin Bahar Maliya da ƙura in sun haɗu da laima hanya suke zame wa wuta.

Zanen da ke fitowa yana da sassa. Daga babban firikwansi yana kwance, sai ya hau tudu da sauri, wannan hawan na man ne, yadda yake barin wuta ta ratsa shi. Sai ƙusumbi a sama, wanda ke bin tsarin ginin shingen, kwali nawa, sandunan tazara nawa. Bayan ƙusumbin ne, can ƙasan firikwansi, danshin takarda yake bayyana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsayar da awo kafin a wuce ƙusumbin saboda ana sauri a maido da wuta, sai manhaja ta ba da lamba alhali ba ta ga sashen da ke ɗauke da amsar ba. A samu maki uku zuwa biyar bayansa. Lokaci kuwa ba ya gajartuwa yadda ake so: zagaye ɗaya a 0.001 Hz sakan 1,000 ne, kusan minti 17, a 0.0001 Hz kuwa kusan awa uku. Zafin ƙasar nan yana taimakawa a nan, don takarda mai ɗumi tana tura zanen zuwa babban firikwansi, ƙusumbin ya fito da wuri. Ga taransifoma irin taku, a digiri 35 zuwa 45, sau da yawa 0.001 Hz yana isa.

Zafin da aka shigar wa manhaja shi ne rabin awon. Bambancin digiri 10 yana gusar da zanen kusan ninki uku, manhaja kuma ta fassara gushewar a matsayin danshi. In ka rubuta zafin da ya gaza na gaskiya, za ta ce takarda ta fi jiƙa. In ka rubuta wanda ya zarce, za ta wanke jiƙaƙƙiya. Kada a auna da zarar an kashe, lokacin zafi yana gangarowa da sauri. A jira ya lafa, a ɗauki na man sama da na ƙasa a farkon awo da ƙarshensa, a yi amfani da matsakaici. Zafin iskar waje ba ya cikin lissafin. A tuna kuma amsar matsakaicin danshin shinge ce, ƙasan naɗi mai sanyi ya fi jiƙa, wurin da ya fi zafi ya fi bushewa. In adadin asid ɗin man a sakamakon ɗakin gwaji ya haura 0.15, a faɗa wa mai fassarar, domin dattin tsufa yana kama da ruwa a zanen.

Megar hannu, mai auna juriyar abin tsare wuta, da tan delta na 60 Hz suna da amfaninsu, amma ba su ne ma'aunin danshi ba. Yanayin mai ne ya fi rinjayar mega, tan delta kuma sai takarda ta jiƙa sosai yake motsi. Awon raɓa na taransifomar da aka zuƙe wa mai aka cika da busasshiyar iska ko naitirojin ne, bayan ta zauna awa 12 zuwa 24, kuma fatar takarda kaɗai yake gani. Yankar takardar kanta a kai ɗakin gwaji sai in an riga an buɗe tanki don wani gyara, a jefa ta kwalba a rufe nan take, don cikin mintuna take shan laimar iska.

Dalilin da ya sa kashi 3 ya fi nauyi a Jidda shi ne zafi. Ƙa'idar IEC 60076 ta gina lissafinta kan matsakaicin zafin shekara digiri 20 da ƙololuwa 40, Jidda kuwa matsakaicinta yana wajen 28, kuma ta taɓa kai 52 a Yunin 2010. Kowane ƙarin digiri 6 a wuri mafi zafi na naɗi yana ninka saurin tsufan takarda, ninkin danshi ma kusan haka yake yi, su biyun kuma haɗuwa suke. Tsufan da kansa yana haifar da ruwa, ruwan ya ƙara tsufa. Sabuwar takarda tsawon zarenta, wanda ake kira DP, 1,000 ne zuwa 1,200, in ya sauka 200 ta zama kamar busasshen ganye, girgizar haɗuwar wayoyin wuta sau ɗaya ta karya ta. Sai kumfa: takarda mai kashi 2 tana fara fitar da tururi a wajen digiri 140, mai kashi 4 kuwa tun wajen 110 zuwa 120, zafin da lodin Agusta zai iya kaiwa. Akwai kuma haɗarin hucewa. In taku ta faɗi tana ɗauke da ppm 31, man ya sauka digiri 25 kafin takarda ta janye ruwan, ƙoshi ya tashi daga 11 zuwa kusan 45, ƙarfin man ya ragu daidai lokacin da za a sake kunna ta. A wuri mai sanyi irin Tabuk man kan iya wuce iyakar ƙoshi ruwa ya fito tsagwaronsa.

Kafin a yi maganar busarwa, a toshe ƙofar shiga. Mai kilo 10,000 kusan lita 11,400 ne, in zafinsa ya hau ya sauka da digiri 20 a yini, tankin sama yana shaƙar iska kusan lita 170. In silika ta mutu, a iskar Jidda wannan ya kai giram 3.5 na ruwa kullum, fiye da kilo ɗaya a shekara. Je ka tsaya gaban kwalbar ka duba da kyau. Shuɗiya tana komawa ruwan hoda, mai ruwan lemo tana komawa kore ko fara, kuma daga ƙasa ya kamata launin ya fara sauyawa. In daga sama ya fara, iska tana shiga ta wani tsagi tsakanin kwalba da tanki. In ta yi watanni a Jidda launinta bai motsa ba, to taransifomar ta wata kafa take numfashi. A canza ta in kashi biyu cikin uku ya juya, a tabbata ɗan kofin man da ke ƙasanta yana kan layinsa. Duk gaskit ɗin da ke tsattsafar da mai da rana yana iya zuƙar laima da dare, musamman na saman murfi da gindin bushin.

In DFR ya nuna ƙasa da kashi 2.5, furan kuma bai yi yawa ba, gyaran numfashi da gaskit da ɗiba duk wata shida sun wadatar. In ya kai 3 ko ya wuce, a rage mata lodin bazara kuma a shirya busar da takarda. Hanya mai sauri sai an kashe ta: a ɗumama naɗi da mai mai zafi ko da wuta mai ƙaramin firikwansi, a zuƙe man, a ja iska har ƙasa da milibar 1, a maimaita, ana auna ruwan da ke taruwa a tarkon sanyi na injin. Sai an fara duba farantin suna an ga tanki yana jure cikakken jan iska, an rufe tankin sama da radiyeta in ba sa jurewa, an daidaita matsi da ɗakin canjin tap, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta. Takardar da ta bushe tana ɗan tsukewa, matsin naɗi ya yi sako-sako, shi ya sa ake gwajin SFRA, mai nuna ko naɗi ya gusa, kafin aiki da bayansa, kuma in furan ya nuna takarda ta tsufa ƙwarai ba a matsa mata. Hanya ta biyu ita ce tukwanen tsotse ruwa da ake haɗawa tana kan aiki, man yana ratsa su dare da rana. Giram 300 ɗin da man ke iya ɗaukowa a lokaci ɗaya ne ke ƙayyade saurinta, don haka watanni take ci, wani lokaci fiye da shekara, kuma ta fi ja a bazara sa'ad da takarda ke sakin ruwa. Ko wacce aka bi, kada a karɓi ppm ɗin ranar da aka kwance injin a matsayin sakamako. A bar ta ta ɗauki lodi wata ɗaya zuwa uku, sannan a sake ɗiba a zafin da ya yi kusa da na Agustan nan, a sake DFR da haɗi iri ɗaya, a ajiye zanen biyu gefe da gefe.